Ina ruwan Damagaram da teku?

Ranar Alhamis 14 ga Maris na 2024, azumi bai fi kwana huɗu da kamawa ba, rezo ya yi wani irin nauyi. Saƙon murya ya riƙa juyawa a waya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Bayan an sha ruwa na fita fadarmu, shayi na kan wuta, kowa na latsa waya yana tsaki. Ɗaya ya ce kamfani ne ke cin kuɗinmu a banza. Wani ya ce Najeriya ce, ai su suka yanke mana wuta a watan Agustan bara, yanzu sun juyo kan rezo. Na uku ya rantse hannun Faransa ne. Yaron da ke sayar da kredi a bakin titi kuwa ya sha masifa har ya naɗe teburinsa tun kafin isha'i. An bar jaki ana dukan taiki.

Daga baya labarin ya fito. Igiyoyi huɗu ne na ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kodibuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Ƙasashe da dama na yammacin Afirka sun ji a jikinsu, mu ma ba mu tsira ba. Ina faɗar haka a tsakar gida sai ɗan ƙanwata, wanda ke ajin shirin BEPC a lokacin, ya ɗaga kai daga kwanon kunu.

"Kawu, ina ruwanmu da teku? Ai rezo daga sama yake zuwa." Ya nuna dogon ƙarfen da ke bayan unguwarmu, mai jan fitila a ka.

Yaron nan ya fi ni iya waya nesa ba kusa ba. Shi ke gyara wa uwarsa WhatsApp, shi ya san forfen da ya fi araha da dare, ya san VPN tun ban san sunanta ba. Amma bai taɓa jin cewa ƙarfen nan tasha ce kawai ta farko ba, cewa daga gindinsa saƙo yakan bi wasu eriyoyi ko ya shiga zaren gilashi da aka binne a gefen hanya, ya ƙetare iyaka, ya kai bakin teku a Kwatano ko Legas, ya nutse ƙarƙashin ruwa. Ni kuwa malamin lissafi da fizik ne, shekaruna da dama da alli a hannu, kunyar ta fi kama ni. Yara irinsa ɗaruruwa sun wuce ta gabana, na koya musu dokar Ohm da saurin haske, ban taɓa haɗa musu waɗannan da abin da ke cikin aljihunsu ba.

Tun ranar nake da ra'ayin da zan faɗa a nan: ya kamata duk yaron da ya gama koleji a ƙasar nan ya san yadda saƙo ke tashi daga wayarsa ya isa wata, wa ke riƙe da hanyar, wa zai iya karanta shi a tsakani, wa zai iya tare shi. Kuma koyar da wannan ba ya jiran a cika mana ɗaki da kwamfuta.

Na san abin da ake kira darasin kwamfuta a yawancin makarantunmu, inda ma akwai shi. A wata makaranta da na koyar, wasu masu taimako sun kawo kwamfutoci, aka yi biki, aka ɗauki hoto, aka lulluɓe su da zane saboda ƙura, makullin ɗakin ya shiga aljihun mutum ɗaya. Ranar da aka buɗe babu wuta. Ranar da wuta ta zo mai makulli ya yi tafiya. Da aka samu duka biyun, yara sittin suka kewaye na'ura biyar da suka rage da rai, ana nuna musu yadda ake kaurara rubutu a Word. Ba na raina iya buga takarda, mutane na cin abinci da shi a bakin kotu da ma'aikatu. Sai dai yaro mai waya yakan koyi irin wannan a mako guda in buƙata ta kama shi, kuma maɓallan da ka nuna masa bana, baɗi kamfani ya sauya musu wuri.

Ka'idojin rezo ba sa tsufa haka. A watan Oktoba na 1969 aka aika saƙon farko na ARPANET, rezon da ya zama kakan intanet, tsakanin kwamfutoci biyu a jihar Kalifoniya ta Amurka, harafi biyu kacal suka isa, L da O, na'urar ta tsaya. A farkon shekarun 1970 wani Bafaranshe, Louis Pouzin, ya gwada dabarar barin kowane guntun saƙo ya nemi hanyarsa da kansa. Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarin da ya zama TCP/IP a 1974, aka koma kansa ranar 1 ga Janairu na 1983. A kan wannan tsarin bidiyon da ɗan ƙanwata ke kallo yake tafiya har yau. Abin da ya haura shekara arba'in yana aiki, shi ya cancanci alli da allo.

Kuma ɗan Damagaram ba baƙo ba ne a wannan tunanin. Sunan unguwar Zongo kansa daga saukar ayari ya samo asali, zamanin da fatake ke raba kaya bisa raƙuma tsakanin Kano, Damagaram, Agadas har Tarabulus. Ko yau ka je tasha da kaya masu yawa za ka aika Yamai, ɗan kamasho zai raba maka su mota biyu ko uku, kowane buhu da sunan mai karɓa da lambarsa a jiki. Shi ɗan kamashon bai san kowane rami na kilomita kusan 900 da ke tsakani ba. Abin da ya sani shi ne wace mota ce ta nufi yamma, wace ce ta cika, wace hanya ce ta lalace. Aikin na'urar da masu sana'ar ke kira rutar ke nan, ba ƙari.

Da wannan na gwada darasin a aji, ba tare da izinin kowa ba, a sa'o'in da suka rage mini a ƙarshen shekara. Na tsayar da yara goma sha biyu a fili, kowa na ba shi sunan gari a takarda ya riƙe a ƙirji: Damagaram, Takeita, Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dosso, Yamai, sai wasu a gefe, Tanut, Agadas, Tawa, Matamai, Kano. Na ja layi da toka tsakanin garuruwan da hanya ta haɗa. Na rubuta jimla ɗaya a takarda, na yayyaga ta biyar, kowane guntu na sa masa lamba, daga wa, zuwa ga wa. Doka ɗaya ce: ba ka miƙa wa kowa sai maƙwabcinka na kan layi.

Zagaye na farko ya tafi lafiya, har suna dariya. A na biyu na dafa kafaɗar Maradi na ce ya zauna, hanya ta yanke. Aka yi cirko-cirko. Can sai Tanut, wani siririn yaro da ba ya magana a aji, ya ce, "Mushe, a ba ni, ni zan ba Agadas, shi ya ba Tawa." Guntaye suka zagaya ta arewa, suka isa Yamai a birkice, na huɗu kafin na biyu. Yarinyar da ke riƙe da Yamai ta jera su bisa lamba ba tare da na ce mata komai ba. A zagaye na uku na sace guntu ɗaya na sa a aljihu. Ta jera, ta ƙirga, ta ɗaga murya: "Damagaram, ban ga na uku ba, sake aiko shi!" Na ce mata abin da ta yi yanzu, shi ne abin da manyan injiniyoyi suka sa wa suna TCP. Ba ta yarda ba sai da na rantse.

Abin da ya fi burge ni ban shirya shi ba. Wata ɗaliba ta lura cewa Dosso na leƙa kowane guntu kafin ya miƙa. "Mushe, ai wannan yana karanta mana sirri." Daga nan darasin kulle saƙo ya shigo da ƙafarsa. Muka yarda Damagaram da Yamai su matsar da kowane harafi gaba da uku, Dosso ya karɓi takarda ya ga shirme. Na gaya musu na gaske ya fi wannan wuya ninkin ba ninki, amma manufar ɗaya ce: masu hanya su ga daga ina zuwa ina, kada su ga abin da ke ciki. Ɗan kwaɗon da suke gani a saman shafi, da harafin s na https, alamar haka ne.

Nan ne darasin ke fara tsare aljihun iyaye. Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani, adireshin IP. Akwai wani tsari, DNS, da ke juya suna ya koma lamba, kamar yadda baƙo ke tsayawa wajen mai shayi a Birni ya tambayi gidan wane a kwatanta masa. In mai kwatancen maƙaryaci ne, ko kuma kai ka faɗi sunan da ya yi kama da na gaske, gidan ɓarawo za ka shiga da sallama. Yaron da ya san cewa sunan shafi daga dama ake tantance shi, cewa .ne tamu ce .ng ta Najeriya, cewa sunan banki a farkon dogon adireshi ba ya nufin shafin na banki ne, ba zai bar uwarsa ta zuba lambar sirrinta a saƙon "kin ci kyautar mega dubu" ba. Zai kuma san cewa kwaɗon nan hanya kawai yake kullewa, ba ya shaidar halin mai shafi. Ɓarayi ma suna da shi. Na ga dattijuwa a unguwarmu da aka kwashe wa kuɗin da ɗanta ya aiko daga Libiya ta irin wannan saƙon. Jikokinta uku suna lise.

Malaman lissafi kuma, wallahi muna zaune kan taska muna kukan rashin misali. Muna koyar da biyu sau kanta sau kanta, yara na hamma. Ka ce musu adireshin IP na tsohon tsari gurbi 32 ne, kowane gurbi sifili ko ɗaya, su lissafa adireshi nawa ke nan. Za su samu 4,294,967,296. Ka tambaye su ko zai ishi duniyar da mutanenta suka haura biliyan 8, su da kansu za su gano dalilin da ya sa aka ƙirƙiro sabon tsari mai gurbi 128. Ka ba su tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, su nemo lokacin da tambaya za ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka: kusan rabin daƙiƙa. Sannan ka ba su na Starlink da ke shawagi a wajen kilomita 550, su kwatanta. Tun da faifan Starlink suka fara bayyana a kan rufin gidaje, wannan lissafin ya daina zama na takarda. Ko bambancin bit, wato gurbin nan na sifili ko ɗaya, da oktet mai ɗauke da bit takwas, ya isa ya warware rigimar da ake yi kullum a fada kan dalilin da ya sa saurin da aka yi talla bai yi daidai da abin da ake gani ba.

Na kai wannan magana wurin wani tsohon malaminmu da ya yi ritaya, mutumin da ya koyar da ni tun ina ƙaramin koleji. Ya saurare ni har na gama, ya gyara zama a kan tabarma.

"Ɗana, garin da mata ke kwana a layin famfo da jarka, garin da yara ke karatu a ajin zana, kai rezo ne damuwarka? Yaro na zuwa koleji bai iya karanta layi biyu ba. Ku fara da wannan."

"Baba, gaskiya ne," na ce, don gaskiyar ce. Ba ni da amsar da za ta goge ta. Ajin zana na nan, aji mai ɗalibi tamanin na nan, malamin kwantaragi da ke jiran albashi na nan. Duk wanda zai yi maganar sabon darasi ya manta da waɗannan, mafarki yake. Inda na rabu da shi shi ne batun jira. Wayar ba ta jira mun gama gina azuzuwa ba, ta riga ta shiga gidan da babu famfo. Da ita ake karɓar kuɗin ɗan ci-rani, da ita ake jin farashin gero da wake, da ita ake yaɗa ƙarya a kan maƙwabci. Kuma abin da nake nema bai kai girman abin da yake tsoro ba. Ban ce a ƙirƙiro sabon fanni da sabon malami da sabon littafi ba. Sa'o'i goma nake nema a shekarar ƙarshe ta koleji, a cikin fizik da lissafi, wasu goma a lise. Kayan aikin: takarda, toka, taswirar Nijar, tsohuwar rutar guda ɗaya da ƴar batir. Malaman da za su yi, mu ne, in an tara mu mako guda lokacin hutu. Jami'ar André Salifou tana cikin garin nan, kuma kowace unguwa yanzu tana da saurayin da ke kafa wifi yana sayar da tikiti, wanda ya san aikin da hannunsa fiye da mu masu digiri.

Abin da nake tsoro daban ne, kuma daga cikin gidanmu yake. Na san halinmu. Ranar da aka sa wannan a manhaja, wani zai hau allo ya rubuta hawa bakwai na tsarin OSI, wanda ke kasa aikin rezo mataki-mataki, da Faransanci, yara su kwafe a kaye, su haddace kamar aku, su zuba a jarrabawa, su fito ba su san abin da ke haɗa wayarsu da ƙarfen bayan gida ba. In haka za a yi, gara a bar shi. Amma in babu shi a jarrabawa kwata-kwata, ɗalibi da malami duk za su ɗauke shi wasa, wannan ma na sani. Abin da na fi karkata gare shi: tambaya ɗaya a BEPC, ta lissafi ko ta zane, irin wadda hadda ba ta ceto. Ga garuruwa shida, ga hanyoyi, an yanke wannan, ta ina saƙo zai bi?

Harshe ma yana ciki. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki. To ga wurin gwada ta. Na lura duk lokacin da na bayyana abu da Hausa, da tasha da kamasho da buhu, sannan na ba da sunansa na Faransanci, yana zama. In na fara da sunan, sai idanu su mutu. Ɗalibaina akwai Barebari, akwai Fulani, akwai Buzaye da Tubawa, amma Hausar kasuwar Dole duk tana haɗa su. Sunayen Turai su zo daga baya, don za su buƙace su in sun ci gaba.

Akwai kuma abin da ya wuce aljihu da aikin yi. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, intanet ta waya ta ɗauke a ƙasar nan wajen kwana goma. Wancan karon babu igiyar da ta tsinke a teku. Mutumin da bai san yadda rezo ke aiki ba, ba zai bambance ranar da na'ura ta lalace da ranar da aka rufe ƙofa da gangan ba, duka biyun "babu rezo" zai ce. Ƙasarmu ba ta da teku, duk abin da ya fita sai ya ratsa ƙasar wani. Shi ya sa aikin shimfiɗa zaren gilashi na ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, yake da muhimmanci: reshe ɗaya daga Arlit zuwa iyakar Aljeriya, ɗaya daga Diffa zuwa iyakar Chadi, ɗaya kuma daga nan Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya. Ɗalibaina da suka ga abin da ya faru da aka zaunar da Maradi sun fahimci amfanin hanya ta biyu cikin minti ɗaya. Muna yawan maganar ƴancin kai a kwanakin nan. Ina ganin wani ɓangare nasa shi ne a samu ƴan ƙasa masu yawa da za su iya tambayar Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom, da hukumar ARCEP mai sa musu ido, tambayar da ke da ma'ana: me ya sa saƙon da na aika daga Birni zuwa Garin Malam sai ya fita ƙasar waje ya dawo?

Wasu iyaye sun ce mini za mu ƙara buɗe wa yara ido, su koyi satar wifin maƙwabta da kallon abin da bai kamata ba. Wannan sun riga sun iya, a fada suka koya, ba a lakwal ba. Abin da fada ba ta koyarwa shi ne cewa mai wifin yana ganin na'urar da ta shiga, hoton da ka aika kuma ya bar hannunka har abada. Sannan fada ta maza ce. Yarinya ba ta zama a gindin mai gyaran waya ta ga yadda ake buɗe rutar, ba ta bin mai kafa eriya hawa soro. In ba a aji ba, babu inda za ta taɓa waɗannan kayan.

Shi ya sa a rana ta ƙarshe na aro filaya ta matse kan kabul wurin wani tsohon ɗalibina mai sana'ar wifi, da guntun kabul da ƴan kawunan da ake sokawa a rutar. Na feɗe bayan kabul ɗin, siraran wayoyi takwas suka fito a murɗe biyu-biyu. Na rubuta jerin a allo: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na gaya musu irin wannan kabul ba ya wuce mita 100 sai saƙo ya raunana. Samari uku suka fara, garaje ya sa duk suka ɓata kawunan, ɗaya ya juya kore da shuɗi. Sai yarinyar nan mai riƙe da Yamai ta karɓa. Ta warware wayoyin a hankali, ta miƙar da su tsakanin babban yatsa da manuni kamar mai shirin kitso, ta daidaita bakinsu da almakashi, ta tura cikin kan, ta ɗaga shi wajen taga ta duba ko kowace ta kai ƙarshe, sannan ta matse. Muka soka a rutar, ɗaya bakin a tsohuwar kwamfutata. Ƴar fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf ta tsaya a kore, aji ya kaure da tafi.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ko zan bar mata filayar ta je gida da ita ta ƙara gwadawa da ragowar kabul ɗin. Na ce ta yi haƙuri, ta aro ce, kuma mai ita yana da aiki a Sabon Gari bayan la'asar.